Palace ta Jakara: Daga Yankan Tikiti Zuwa Yankan Kati

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kurmi da hantsi ya ɓulla ta Jakara, a cikin birnin Kano, zai tarar da mata a ƙofar wani asibiti. Wata da goyo, wata da tsohon ciki tana tafe tana dafe da ƙugu, wata tsohuwa ta rako jikarta da kwando da fulas ɗin ruwan zafi. Kowacce da katinta, ko a hannu ko a ƙulle a bakin mayafi. Asibitin haihuwa ne, kuma sunan tsohon gwamna Sabo Bakin Zuwo aka sa masa. Da wani zai ce wa kakannin matan nan, a shekarun 1950, wata rana jikokinsu za su riƙa sammako zuwa wannan wuri da yardar mazajensu, da sun ce ya nemi tsari. A lokacin, macen da ke gudun bakin duniya ko a gindin katangar ba ta yarda a gan ta. Nan ne gidan silimar Palace yake, na farko da aka gina a cikin ganuwar Kano.

Labarin na Kano ne, amma mutumin Kende, can ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, dab da iyakar Benin, ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Tsakaninsa da Jakara tafiyar yini ce a mota. Duk da haka, rigimar da aka sha a kan Palace ita ce dai wadda ake yi a kan gidan kallon unguwarsu, sai dai ta Kano ta fi kauri, har ta kai ga gwamna.

Kafin a yi gini, a mota fim ya fara zuwa wa yawancin mutanen Arewa. A Legas an nuna fim tun watan Agustan 1903, a zauren Glover, amma a nan abin da talaka ya fara sani shi ne majigi. Motar gwamnati ce takan iso gari da la'asar, da injin wutarta da lasifika. A kai gaisuwa wurin hakimi ko dagaci, sankira ya zaga ya sanar, bayan sallar isha'i a ɗaure farin ƙyalle a dandalin ƙofar fada. Sai a ga mutane suna motsi a jikin ƙyalle, wani ma'aikaci yana tsaye yana bayani da Hausa: ga yadda ake kashe ɓera, ga amfanin allurar shanu, ga yadda ake shuka auduga a jere. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka shirya don koyar da noman zamani. Wasu sun kira abin dodon bango, amma ba a guje shi ba. Kyauta ne, a fili ne, da sanin sarki aka zo, kuma kowa yana ganin wanda ke zaune kusa da shi. Yara a gaba a ƙasa, dattawa a kan tabarma, mata daga baya.

Silima ta zo da akasin duk wannan. Katanga ce doguwa, ƙofa ɗaya, sai ka biya ka shiga, kuma a cikin duhu za ka zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka san asalinsa ba. Gidan Rex, wanda 'yan kasuwa Kwarori suka buɗe a 1937, a wajen ganuwa aka kafa shi, ta wajen Sabon Gari. Kano ta wancan zamani a yanke take gunduwa-gunduwa: birni na Musulmi 'yan ƙasa a ƙarƙashin sarki da alƙalai, Fagge ta fatake da baƙi, Sabon Gari ta 'yan Kudu inda aka halatta sayar da giya, Nasarawa ta Turawa. Rex ma da farko raba darare ta yi, wasu na Turawa da Larabawa, wasu na baƙar fata. Tun da silima ta tashi a maƙwabtan gidajen giya da na rawa, sai sunansu ya shafe ta. Zama da maɗaukin kanwa ne. Ɗan birni da ya tafi kallo sai ya fita ta ƙofar gari, kuma ko bai sha komai ba, idan ya dawo ana yi masa kallon wanda ya sha.

Sai ga gobarar El Duniya. Ranar 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a wannan gidan silima ana tsakiyar kallo. Daga ɗakin na'ura ta faro. Zaren fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, abu mai saurin kamawa, wanda idan ya kama ko ruwa ba ya kashe shi, ga shi kuma yana wucewa ta gaban fitila mai tsananin zafi. El Duniya rufaffen gini ne, wutar ta bi rufi, mutane suka yi ƙofa gaba ɗaya suka tattake juna. Mutum 331 suka rasu, cikin 'yan kallo wajen 600. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa kwamitin bincike, ya yi bayanin na'ura da zare da ƙofofi. A cikin gari kuwa wani bayani ne ya yi tasiri. Aka ce fushin Allah ne. Jita-jita ta bazu cewa fim ɗin da ake nunawa ya taɓa alfarmar Annabi, har sai da hukuma ta fito ta ƙaryata. Irin wannan gobara ta sha faruwa a Turai, kuma a daidai shekarun ne masana'antun fim suke barin naitiret suna komawa zaren da ba ya kamawa haka. Amma wa zai tsaya yi wa uwar da ta rasa ɗa bayanin sinadari?

Makokin nan bai gama hucewa ba aka buɗe Palace, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953. Kuma ba a Fagge ko Sabon Gari ba, a ƙirjin birni, jikin Kurmi, kasuwar da ake danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15. Ga ɗan kasuwa, babu wurin da ya fi nan: dubban mutane suna wucewa kullum, ga 'yan dako da 'yan tireda da yaran shago waɗanda magariba na yi sun tashi da 'yan kwabbai a aljihu. Ga malamai da iyaye kuwa, abin da ganuwa ta tare shekara da shekaru ne ya tsallako har tsakar gida. Aka yi ta wa'azi a kai. Matasa suka fito nuna ƙin amincewa, sai da aka sa 'yan doka. Amma gini ya riga ya tsaya, kuma da aka kunna na'ura benci bai zauna babu kowa ba.

Wanda bai taɓa shiga irin waɗannan gidaje ba zai ɗauka kamar silimar manyan kantunan yau ce, mai sanyi da kujerun katifa. Ina! Yawancin silimun Kano na lokacin fili ne a buɗe, sama ce rufinsu, shi ya sa sai duhu ya yi ake fara nuni. Allon kallon bango ne da aka shafe da farin fenti. Masu ƙaramin kuɗi suna gaba a kan benci, sun ɗaga kai har wuya ya ƙage; masu hali suna baya, inda akan yi 'yar rumfa. Can sama a bayansu akwai ɗan ɗaki mai ƙananan tagogi, daga nan haske yake fitowa kamar igiya, ƙwari da hayaƙin sigari suna yawo a cikinsa. A bakin ƙofa ga mai rake, ga mai tsire, ga mai shayi, ga allon da aka manna hoton fim ɗin gobe. Idan zare ya tsinke ana tsakiyar faɗa, fito da ihu su kaure, a yi ta aika wa mai na'ura baƙaƙen maganganu har ya ɗaura. Idan ekta ya kama bos, gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har maƙwabta da ke kwance a soro su san an zo wurin. Da damina kuwa, hadari na haɗowa ido ɗaya yana allo ɗaya yana sama.

Da farko finafinan kaboyi na Amurka da na Ingila ne suka cika allo, daga baya na Cainis masu karate suka zo. Amma waɗanda suka kama zuciyar Bahaushe su ne na Indiya, da Kwarori masu rarraba fim suka fara shigowa da su a shekarun 1950. Ba a jin yaren, amma ana gane komai: auren dole, kishiya, uwa mai haƙuri, attajiri azzalumi, kunya tsakanin saurayi da budurwa, ga rawani da doguwar riga. Mother India, wanda ya fito a 1957, an yi shekaru ana maimaita shi ana cika gida. 'Yan kallo suka raɗa wa jaruman sunaye kamar 'yan unguwarsu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma, daga baya, Ɗan Daba Mai Lasin. Abin ya kai har masu bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna zuba yabon Manzon Allah a kai. Wato muryar da aka hana shiga ta ƙofa ta shigo ta taga, da alwalarta.

Mata dai ba su cikin wannan hidima, in ban da masu zaman kansu, kuma zuwan waɗannan ɗin ya ƙara wa gidan baƙin jini. Matan aure sai da talabijin ta shiga gidaje suka ga abin da mazansu suke ba su labari.

Palace ta yi kusan shekara 30 tana aiki. A tsakanin nan dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, ta 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, ta fitar da gidajen silima daga hannun baƙi. Sunan wurin kuwa ƙara ɓaci ya yi ta yi. Mutanen unguwannin da ke kewaye suna kukan cewa gindin katangar ya zama matattarar 'yan shaye-shaye da 'yan daba da masu lalata. A cikin masu jin wannan kuka akwai wani ɗan unguwar Bakin Zuwo, nan kusa, Aliyu Sabo, ɗan gwagwarmayar NEPU, almajirin Malam Aminu Kano a siyasa, mutumin da har gobe ake jingina wa barkwanci iri-iri, na gaskiya da na ƙage. Ya yi sanata a PRP daga 1979, sannan a zaɓen 1983 ya kayar da Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano. Ranar 1 ga Oktoba aka rantsar da shi, ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da gwamnatin farar hula. Wata uku cak. A cikin wata ukun nan ne ya rufe Palace ya mayar da ita asibiti.

Siyasa ce, babu ko tantama, kuma siyasa mai riba: da dutse ɗaya ya faranta wa malamai, ya share hawayen maƙwabta, ya kuma kawo wa talakan cikin birni magani kusa da gida. Sai dai akwai abin murmushi a ciki. Jagoran gidan siyasar da Sabo ya fito, Malam Aminu, marubucin wasan kwaikwayo ne tun yana malamin makaranta, kuma da wasa ya riƙa faɗa wa masu mulki abin da baki ba ya iya faɗa kai tsaye. Ba kallo ne abokin gabar gidan ba. Abin da Sabo ya rufe wuri ne da abin da ya taru a jikinsa. Kuma duk mai adalci zai yarda cewa a lungunan da mota ke shiga da ƙyar, inda naƙuda kan kama mace da tsakar dare, ɗakin haihuwa a bakin Kurmi ya fi allon fim amfani nesa ba kusa ba. Abin da ba a samu ba shi ne abin da wasu suka zata, wai rufe gini zai rufe kallo.

Sauran silimun ma ba gwamna ne ya kashe su ba, aljihu ne. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sayo faifan fim daga waje ya zama jidali. Ga kaset ɗin bidiyo ya shigo, ga tsoron fita dare. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, aka shiga zamanin fim ɗin Hausa na kaset, wanda daga baya aka raɗa wa Kannywood. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da ake kwafa ana rarrabawa. Da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa a shekarar 2000, har da Kano da Kebbi, aka ƙara matsa wa gidajen da suka rage, Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Ɗaya bayan ɗaya manyan sunayen da samarin da suka shuɗe ke rantsuwa da su, irin su Plaza da Orion da Eldorado, suka zama labari.

Me ya sa ginin silima ba ya zama kango ya daɗe? Domin tun asali a inda ƙafa ta fi yawa ake kafa shi, kuma fili ne babba a dunƙule, mai katanga, a tsakiyar gari inda taku ɗaya na ƙasa ya fi ƙarfin talaka. Mai son jera shaguna yana so, mai neman sito yana so, mai tara jama'a don ibada yana so. A Legas da yawa sun koma coci-coci da wuraren biki. A Kwatano, babban birnin kasuwancin Benin, gidajen da suka yi tashe irin su Vog da Concorde su ma hasken allonsu ya ɗauke shekara da shekaru. Inda aka yi dabara mai kyau shi ne Buenos Aires ta Ajantina: wani gidan wasa da aka buɗe a 1919, ya yi zamani yana silima, a shekarar 2000 aka mayar da shi kantin littattafai mai suna El Ateneo, ba a taɓa zanen rufinsa ko jan labulensa ba, dandamalin wasan ya zama wurin shan shayi. Mai shiga sayen littafi yana ɗaga kai ya san inda yake. A nan ƙasar kuwa, tarihin irin waɗannan wurare a bakin tsofaffi ya fi zama, ba a jikin bango ba.

Wani lokaci suna ne kaɗai ke tsira. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman dala ko riyal ko sefa a Kano ya san Wapa, a Fagge, inda 'yan canji ke tare mota tun ba ta tsaya ba. Sunan gidan silima ne. Fataken Bagudo da Kamba masu hulɗa da sefa suna ambaton Wapa a waya suna tambayar farashi, ba tare da tunanin wani allo ko na'ura ba. Haka Pen Cinema a Agege ta Legas, wadda yanzu sunan mahaɗar hanya ce da gadar sama. Palace ba ta samu ko wannan ba, sunan wanda ya rufe ta ne ya hau kanta.

Kaset ɗin da ya durƙusar da manyan gidajen birni shi ne ya kai kallo garuruwan da a da sai dai su jira motar majigi. Daga Ƙofar Wambai kaya suka riƙa bin motocin Sakkwato da Birnin Kebbi, su gangara garuruwan bakin Kwara, su tsallaka har Malanbil da Gaya, inda Dandawa da Zabarmawa ke jin Hausa kamar a bakinsu aka yanka ta. A ƙasar Bagudo, ƙasar noman shinkafa da su da fataucin kan iyaka, gidan kallo bai buƙaci Kwarori ko injiniya ba. Rumfar langa-langa ce ko zagayen zana, benci 'yan ƙwarori, talabijin a kan tebur, janareta a baya yana tari, yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. A waje an jingine allo an rubuta da alli: wasan ƙwallon Ingila ƙarfe kaza, bayansa fim. Idan aka ci ƙwallo, ihun da ke tashi bai bambanta da na Palace ba ranar da ekta ya kama bos. Ƙorafin ma bai canza ba: yara sun ƙi makarantar dare, an fara shan abin da ba a sani ba a bayan rumfa, a gaya wa mai unguwa. Ko a 2016, da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta jihar Kano, irin wannan adawa ce ta taso daga mumbarori har aka janye maganar.

Ita rumfar kallo sauya sana'a ba ya yi mata wuya, tun da ba ta da tubali balle tarihi. Kasuwa na ja baya sai mai ita ya jera soket ya koma cajin waya, ko da kaka ya tara buhunan shinkafa a ciki. Kuma kasuwar fim ɗin ta ja baya ɗin, ƙwallo ce ke riƙe da yawancinsu, domin fim ya koma aljihu. Ranar kasuwa, a Kende ko Kaoje ko Illo, akwai saurayi mai kwamfuta a ƙarƙashin lema, sana'arsa turi. Matar aure takan aiko ƙaramin yaro da memori a naɗe a takarda, da saƙon abin da take so: ci gaban shirin Hausa mai dogon zango, da Indiya-Hausa guda biyu, irin wanda aka ɗora wa murya, jarumin Mumbai yana magana da karin Kananci. Mai turi ya zuba, yaro ya biya ya juya. Da dare, bayan an kwashe tuwo, ita da kishiyarta da 'yan matan gidan sukan haɗa kai a kan waya ɗaya a tsakar gida, a rage murya saboda maigida yana zaure da baƙi.